Jiya na kalli tafiyar Dakta na Goma: ni kaɗai ne maganarsa ta ƙarshe ta tsaya wa a wuya?

Tela Mai Aikin Dare ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun farko in ja kunne: duk wanda bai kai ƙarshen zamanin David Tennant, Dakta na Goma, a Doctor Who ba (shirin BBC na wani baƙon halitta mai yawo a sararin sama da zamani, wanda in zai mutu sai ya sauya jiki), ya tsaya nan ya juya, don ƙwai zan fasa.

Ni tela ne, kuma da dare na fi aiki, don da rana mutane ba sa barin ka ka zauna a kan keke, wannan ya zo gwaji, wancan ya zo rigimar alkawari. Ƙanena da ke jami'a ne ya zuba mini shirin a mimori, tun daga inda aka farfaɗo da shi a 2005. Ya ce, "Yaya, ka daure wa kashi uku na farko, in bai kama ka ba ka goge." To ya kama ni. Wata biyar ke nan ina jingina waya a jikin gwangwanin maɓallai ina kallo. Turancin mutanen Ingila gudu gare shi, sai da rubutun ƙasa nake bi, shi ya sa ba na kunnawa in ina kan keke, sai lokacin sa maɓalli ko guga.

Jiya na iso The End of Time, kashi biyun nan da BBC ta haska ranar 25 ga Disamba 2009 da 1 ga Janairu 2010. Labarin kansa ba zan ɓoye muku ba, hayaniya ta yi masa yawa. Master, tsohon abokin gaban Dakta, ya mayar da kowa a duniya kamanninsa, Timothy Dalton, a matsayin shugaban mutanen su Dakta, na ta zuba jawabi yawu na fita, ga duniyarsu Gallifrey ta tsaya a sararin sama kamar za ta faɗo wa mutane a ka. Duk wannan na kalle shi ne da rabin ido. Abin da nake jira shi ne annabcin nan da aka daɗe ana ja mana rai da shi, cewa wani zai ƙwanƙwasa sau huɗu sannan Dakta ya mutu. Kowa ya ɗauka Master ne, tunda gangar da ke bugawa a kansa ma huɗu-huɗu take yi.

Sai komai ya lafa. Dakta na kwance a ƙasa fuska duk yankan gilashi, yana dariya yana kuka wai ya tsira. Can sai ka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas, a hankali, irin ƙwanƙwasar mutumin da ke jin nauyin damun ka. Ashe tsoho Wilf ne, kakan Donna tsohuwar abokiyar tafiyar Dakta, ya shiga ɗan ɗakin gilashin nan don ya fitar da wani ma'aikaci da ba su ma san juna ba, ƙofa ta kulle da shi, gubar nukiliya kuma na shirin cika ɗakin. Ba ya buɗuwa sai wani ya shiga ɗaya ɓangaren ya danna.

Wallahi a nan na manta dutsen guga na kan shaddar mutane. Ƙauri ne ya dawo da ni duniya. Farar shadda ce, dutsen ya zauna daram a kan aljihun gaba, ya bar hotonsa kamar an buga hatimi. Ban ma iya jin haushi ba a lokacin, na ɗaga dutsen na ajiye a ƙasa na ci gaba da kallo.

To ga inda damuwata take. Wilf, tsoho mai shekara 80 da wani abu, cewa ya yi a bar shi, ya ci zamaninsa. Shi kuwa Dakta, wanda ya faɗa da bakinsa cewa shekararsa 906, sai ya hau faɗa yana watsi da kayan kan tebur, wai ba a yi masa adalci ba, wai da sauran abubuwa da yawa da zai iya yi. Daga baya dai ya shiga, ya ce wa tsohon girmamawa ce a gare shi. Na ce to madalla, an gama.

Ashe ba a gama ba. Mutumin da guba ta cika wa jiki sai ya ɗauki ƙafa ya shiga zagayen dangi, wato tsofaffin abokan tafiyarsa, wajen minti 15 ko fiye. Ya ceci Martha da Mickey daga wani baƙon halitta, Sontaran, ya janye ɗan Sarah Jane daga gaban mota, ya leƙa Kyaftin Jack a mashaya, ya je wajen sa hannu a littafi, ya je bikin Donna, ya koma daren sabuwar shekarar 2005 ya ga Rose a cikin ƙanƙara tun ba ta san shi ba. Ya zama kamar baƙon da ya yi sallama a ɗaki, ya sake yi a tsakar gida, ya sake yi a zaure, kai kuma kana tsaye riƙe da ƙofa sauro na cizon ka. Bayan duk wannan, maganarsa ta ƙarshe a cikin jirginsa TARDIS, ido cike da ƙwalla: "Ba na son tafiya."

Na yi ƙwalla, ba zan yi ƙarya ba. Amma da na kwanta sai abin ya riƙa yi mini wani iri. Ai ba mutuwa zai yi ba. Jiki kawai zai sauya, tunaninsa da duk abin da ya sani na nan. Christopher Eccleston, Dakta na Tara, da zai tafi murmushi ya yi, ya yabi Rose, ya yabi kansa, ya wuce. Me ya sa wannan ya tafi kamar yaron da ake ja zuwa makarantar allo?

Tambayata ga waɗanda suka riga ni: da aka haska shi a lokacin, haka mutane suka ji, ko ni ne zuciyata ta bushe? Kuma Dakta ne ya yi wannan magana, ko Tennant ne ya ari bakinsa? Sannan wannan yaro mai doguwar haɓa, Matt Smith da ya gaje shi, da ya faɗo yana duba ƙafafunsa yana ihu, ya cancanci in ƙona wata shaddar a kansa?

Anti Nas ta amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, Allah ya huci zuciyar mai shadda.

Zuciyarka ba ta bushe ba, amma ina ganin ka tsallake wani waje a kashi na farko, wataƙila lokacin kana neman zare. Koma wajen da suke zaune shi da Wilf a gidan shayi. A can ya amsa tambayarka tun kafin ka yi ta. Wilf ya ce masa ai kai in za ka mutu sauyawa kake yi. Shi kuma ya ce ko da ya sauya, ji yake kamar mutuwa, duk abin da yake shi ne zai ƙare, wani sabon mutum ya tashi ya kaɗe rigarsa ya yi gaba. Ka ɗauka an ce maka gobe za a tashi da wani a gidanka, ya san sunan 'ya'yanka, ya san inda ka ajiye almakashi, ya tuna duk bashin da ake bin ka, amma dariyarsa daban, abincin da yake so daban, mutanen da ransa ke kwanciya da su daban. Za ka ce ai ba komai tunda almakashi bai ɓata ba?

Shekara 19 ina aikin jinya, yawanci a ɗakin maza, kuma aikin dare kamar kai. Akwai wani dattijo da ba na mantawa. Mutum ne mai natsuwa, ya san ciwonsa ba na tashi ba ne. Da rana ya tara 'ya'yansa ya faɗi bashin da ke kansa, ya nemi gafarar kowa, har mai sharar ɗakin sai da ya ce ta yafe masa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya fita yana cewa kai, wannan bawan Allah ya shirya. Wajen ƙarfe uku na dare na zo sauya masa ƙarin ruwa, ɗansa na barci a kan tabarma a ƙasa, sai ya kama wuyan hannuna ya ce, a hankali don kada yaron ya ji, "Sista, ni fa ban gaji da ganin su ba." Shi ke nan abin da ya ce. Da asuba ya yi sallarsa a kwance, bai sake tayar da maganar ba. Wannan bai rage masa imani ko ƙwayar zarra a idona ba.

Shi ya sa faɗan da Dakta ya yi a gaban gilashin nan ya fi mini duk wani jawabin jarumta. Ya yi faɗan, ya faɗi maganar da ba ta dace ba, har ya ce wa tsohon nan ba shi da wani muhimmanci. Amma kafin ya rufe baki ka ga a fuskarsa ya riga ya san zai shiga. Da ya ceci duniya baki ɗaya ya mutu, kowa zai ce ai dole. Nan kuwa tsoho ɗaya ne, wanda ya ma roƙe shi ya tafi, ba mai kallo, ba mai tafi. Kuma kar ka manta ɗazu-ɗazu a cikin jirgi ya gaya wa wannan tsohon cewa zai yi alfahari da a ce shi ne mahaifinsa.

Zagayen dangin kuwa, na yarda ya yi tsawo, na Martha da Mickey ma ni ban ga dalilin aurar da su ba. Amma na bikin Donna kar ka taɓa mini shi. Matar nan ba ta tuna shi, in ta tuna ƙwaƙwalwarta za ta ƙone. Ya tsaya daga nesa kamar maroƙi, ya miƙa ambulan a ba ta, Wilf ya ƙame ya sara masa irin ta tsohon soja, leɓe na rawa. Sau huɗu na kalli wajen nan, sau huɗu ina neman gefen mayafi.

Baban Halifa ya amsa:

Ɗana tela, sannu da aiki. 'Yata nas, labarin dattijonki ya taɓa ni, Allah ya jiƙansa. Amma a kan wannan shiri ba na tare da ke, kuma bari tsoho ya faɗi dalilinsa.

Ni na fara kallon Doctor Who ne a ɗakin hutun ɗalibai a Ingila, lokacin da aka tura mu ƙaro karatu, farkon shekarun 1980. Na tarar da ƙarshen Tom Baker, mai dogon gyalen wuya, wanda ya riƙe matsayin daga 1974 zuwa 1981, ba wanda ya kai shi daɗewa. Ka san yadda ya tafi? Daga kan wani dogon ƙarfen hangen taurari ya faɗo, yana kwance a ƙasa ya ce ƙarshe ne ya zo, amma an riga an yi wa lokacin tanadi. Shekara bakwai, jimla ɗaya.

Wanda ya fi zama mini a rai shi ne na Peter Davison a 1984, The Caves of Androzani. Shi da yarinyar da ke tare da shi, Peri, duk guba ta kama su. Bai daɗe da sanin ta ba ma. Ya sha wuya ya samo maganin, rabi ya zube, saura na mutum ɗaya, ya ɗura mata ya kwanta. To ka ga labari ɗaya ne da na Wilf, rai don rai, mutum ɗaya tak. Bambancin shi ne Davison bai tsaya ya karanta wa yarinyar lissafin abin da ya yi asara ba. Wilf fa zai rayu sauran kwanakinsa da wannan faɗa a kunnensa. In za ka yi wa mutum kyauta, ba ka fara gaya masa nawa ka sayo ba.

Kuma ku tuna asalin wannan sauyin jiki. An fara shirin ranar 23 ga Nuwamba 1963 da William Hartnell. Zuwa 1966 lafiyarsa ta ja baya, riƙe dogayen jawabai na yi masa wuya. Maimakon a rufe shirin, sai aka yi dabara: tunda mutumin nan ba ɗan Adam ba ne, bari ya yi saɓa kamar maciji, Patrick Troughton ya tashi a wurinsa. Dabarar gaba ɗaya an gina ta ne don a ce wa mai kallo kwantar da hankalinka, mutuminka ne dai, riga ya sauya. Ita ta raya shirin har 1989 da aka dakatar, ita ta sa ya iya dawowa a 2005. Sai Russell T Davies, marubucin wannan kashi, ya zo ya sa Dakta da bakinsa ya ce wanda zai biyo baya wani mutum ne daban. Yaran da Tennant ne Daktansu na farko, me aka koya musu ke nan? An koya musu cewa mai zuwa ɗan ƙwace ne. Matt Smith yana da shekara 26 aka sanar da sunansa, ba a taɓa ba wa mai ƙarancin shekaru haka ba, mutane da yawa ba su ma taɓa jin sa ba. Yaro irin wannan hannu ya kamata a kama masa a shigo da shi. Sai aka bar masa gida na ci da wuta, masu kallo na kuka suna harararsa. Jikata da ke can ta yi shekara guda ta ƙi kallonsa, wai shi ya kashe mata Dakta.

Don haka amsar tambayarka ta farko: ƙwarai an yi rigima, kuma har gobe ana yi. Galibi waɗanda suka shigo a 2005 suna ganin ba a taɓa bankwana mai kyau irinsa ba, mu tsofaffin hannu kuma da yawanmu muna ganin shagwaɓa ce.

Tunda na ambaci Troughton, bari in ba ku wani abu da ya shafe mu. A da BBC na goge kaset ɗin tsofaffin shirye-shirye ta sake amfani da su, shi ya sa kashi da yawa na shekarun 1960 suka ɓace. Abin da ya ceci wasu shi ne kwafin da aka sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje. A 2013 wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano gwangwanayen fim a wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos. Kashi tara da aka fid da rai da su suna ciki, na The Enemy of the World da The Web of Fear, duk na Troughton. Adadin ɓatattu ya sauko daga 106 zuwa 97 a lokacin. Ni da na yi shekaru ina wucewa ta garin nan, ban san Dakta na Biyu na kwance a kan kanta yana shan sanyin Jos ba.

Bakatsine a Cardiff ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ban isa in ja da ku ba, amma zan ɗan sa baki a tambaya ta biyu, wato wa ya yi maganar.

Malam tela, ba Tennant kaɗai ke tafiya a daren nan ba. Davies da ya farfaɗo da shirin kuma ya rubuta wannan kashi yana ajiye aiki, Julie Gardner da suka ɗauki nauyin shirin tare ita ma haka. A nan Cardiff ake yin shirin tun dawowarsa, kuma mutanen garin na ji da shi kamar yadda muke ji da abin garinmu. In kana yawo da wanda ya sani, kowace kwana sai ya nuna maka ya ce nan ne aka mayar Landan a kashi kaza. To zagayen nan da ya gundure ka, walimar sallama ce ta ma'aikata da aka yi a gaban kyamara. Kowane mutum da Dakta ya leƙa, Davies ne ke leƙa abin da ya gina cikin shekara biyar. Ko matar da ke sa hannu a littafi, sunanta Verity Newman, an haɗa shi ne daga Verity Lambert, furodusar farko ta shirin, da Sydney Newman, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi.

Tennant kuma ba a kore shi ba, shi ya zaɓi tafiya. Ya sanar a watan Oktoba 2008, kai tsaye a wajen wani bikin ba da lambobin yabo na talabijin, lokacin yana tsakiyar wasan Hamlet a dandamali. Mutum ne da ya taso yana son shirin tun yana yaro a Sikotilan, ya sha faɗa cewa shi ya sa shi sha'awar zama ɗan wasa. Wanda ya samu aikin mafarkinsa, ya ajiye da hannunsa tun ana son sa, in ya ce ba ya son tafiya ai ba sai an tambayi daga ina hawayen suka fito ba. Ni a ganina bakin mutum uku ne a jimlar: Dakta, Tennant, Davies. Inda na yarda da Baba shi ne, biyun ƙarshe sun ɗan fi na farkon ƙara. Wani abin dariya, Baba: Tennant ɗin nan 'yar Peter Davison ya aura, Georgia. Wato Daktan da kuke yabo surukin wanda kuke kuka da shi ne.

Anti, ga abin da zai ƙara miki kuka a bikin Donna. Abin da ke cikin ambulan tikitin caca ne, kuma Dakta ya ce fam ɗaya da ya saya da shi ya ranto ne daga wajen mahaifin Donna, wato ya koma baya lokacin mutumin na raye. Ɗan wasan da ya fito a mahaifin nata, Howard Attfield, ya rasu da gaske a 2007 ana tsakiyar ɗaukar zango na huɗu. Rasuwarsa ce ta sa aka ɗauko Bernard Cribbins, wanda ya ɗan fito a mai sayar da jarida a kashin Kirsimeti, aka mayar da shi kakan Donna. Da ba don haka ba, babu Wilf a gidan, babu mai ƙwanƙwasa gilashi. Cribbins kansa tsohon hannu ne, ya fito a fim ɗin Dalek na 1966 tare da Peter Cushing. Ya rasu a Yuli 2022 yana da shekara 93.

Wutar da ta cinye cikin TARDIS kuma, ban da ma'anar da masu sharhi ke ba ta, akwai dalilin aiki: sabon shugaban marubuta Steven Moffat zai shigo da sabon ɗaki, dole tsohon ya tafi. Shi ne ma ya rubuta 'yan maganganun farko na Matt Smith a ƙarshen kashin. Kuma in ka sake kallo, ka saurari waƙar da halittun nan Ood ke rerawa lokacin da Dakta ke jan ƙafa a ƙanƙara. Murray Gold ne ya tsara ta, da Latin take, sunanta Vale Decem, wato sai wata rana, na Goma.

'Yar Funtuwa ta amsa:

Ni dai Matt Smith ne nawa, kuma ina tare da Baba ɗari bisa ɗari. Abin da ke ba ni dariya, mutumin da ya ce ba ya son tafiya ai bai tafi ba. Ya dawo a 2013 a bikin cika shekara 50, ya sake maimaita jimlar nan tasa, Smith ya bi shi da ido ya ce kullum haka yake faɗa. Ya kuma dawowa a 2023 a matsayin Dakta na Sha Huɗu. Baƙon Malam tela ne sak, an kai shi bakin titi ya ce ya manta hularsa.

Peter Capaldi, Dakta na Sha Biyu, da zai tafi a 2017 cewa ya yi, "Dakta, na sake ka."

Anti Nas ta sake amsawa:

Ke 'Yar Funtuwa, bawan Allah bai kai can ba kin zazzage masa buhu. Kuma Capaldin naki ai kashi guda cur ya yi yana ƙin sauyawa, yana dunƙule hannu yana cusawa a ƙanƙara don ya kashe wutar. Shi ma bai so tafiyar ba, bakinsa ne kawai ya fi iya magana.

Baba, maganar kyauta da faɗin kuɗinta ta zauna mini, ban da amsarta. Sai dai Wilf bai riƙe shi da ita ba, ku dubi yadda ya sara masa.

Tela Mai Aikin Dare ya dawo:

Na gode muku duka. 'Yar Funtuwa, Allah ya shirye ki, ni na fara jan kunne a kan fasa ƙwai, ga shi an fasa mini tire guda.

Anti, na koma wajen gidan shayin. Gaskiyarki, ban ji shi da kyau ba a karon farko, lokacin wani ya leƙo karɓar wando. Yanzu faɗan gaban gilashin ya daina ba ni haushi. Har na lura da abin da ban gani ba jiya: yana gama faɗan ya yi shiru, ya ce ya daɗe a duniya da yawa, kamar wanda ya ji muryar kansa ya ji kunya. Amma jimlar ƙarshe har yanzu tana nan inda take a wuyana. Da a ce ya faɗe ta a gaban Wilf, ko a gidan shayi, da na karɓa hannu biyu. A ajiye ta daf da shigowar wani, a nan nake bayan Baba. Baba, maganar Jos kuwa na tura wa ƙanena, ya ce ƙarya ce, ya bincika, ya dawo ya kira ni yana ihu.

Mai shadda ya zo da hantsi. Na nuna masa, na ce laifina ne, ban kawo masa wani dogon bayani ba, don in na ce wani tsohon Bature ne ya maƙale a gilashi ban san inda zancen zai kai mu ba. Ya juya rigar ya sake juyawa, ya ce tunda a kan aljihu ne, in cire in yi masa aiki a wajen da zare ruwan toka, kuɗin aikin a kaina. Na ce na yarda.

Aikin nake yi yanzu haka, kuma na kunna kashin farko na Smith, The Eleventh Hour. Ya faɗo a bayan gidan wata ƙaramar yarinya, ta ba shi tuffa ya tofar, ta ba shi wake ya tofar, burodi da bota ya yi jifa da shi waje, yanzu ga shi zaune yana tsoma soyayyen kifi a cikin kwastad yana sha da kwano. Yarinyar ta ce akwai tsaga a bangon ɗakinta da ke ba ta tsoro. Dutsen guga na can waje na juye gawayin.